Haɗa Kwamfuta a Ƙaramin Akwati: Awo, Zafi da Wuta



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani aiki ne da a da ake ganin ya fi ƙarfin kowa sai injiniyoyin manyan kamfanoni, watau haɗa kwamfuta. A yau ɗalibi ko akawu yana iya sayo sassanta ɗaya bayan ɗaya, ya zauna da sukuddireba guda bayan sallar azahar, kafin magariba ya tayar da na'ura mai aiki. Abin da za a duba musamman shi ne haɗa ta a cikin ƙaramin akwati, irin wanda zai zauna a kusurwar teburin ofis ko a ɗakin kwanan ɗalibi ba tare da ya tare wa littattafai da fayil-fayil wuri ba.

Maganar da laccar ke son tabbatarwa guda ɗaya ce. Rage girman akwati ba ya rage zafin da na'ura ke fitarwa ko kaɗan, saboda haka wanda zai yi wannan aiki lalle ne ya gama lissafin awo da na zafi da na wuta kafin ya fitar da kuɗinsa. Abin ba na wasa ba ne, domin kuɗin waɗannan sassa yakan kai albashin watanni, kuma duk sashen da aka sayo bai shiga akwati ba, da wuya ɗan kasuwa ya yarda ya karɓe shi.

Yadda Kwamfuta Ta Ƙanƙance

Kwamfutar ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka a shekarar 1946, nauyinta ya kusa tan 30, ta cika babban ɗaki, tana kuma shan wuta kimanin kilowat 150. A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur, ya haɗa ta da sassan da ya sayo daga wasu kamfanoni, sa'an nan ya buga bayanin yadda aka tsara ta. Wannan ne ya buɗe wa sauran masu ƙira ƙofa, har aka wayi gari sashen da aka ƙera a wata ƙasa yana shiga na wata ƙasar daidai wa daida.

Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne yarjejeniya a kan awo. A cikin kowace kwamfuta akwai wani faffaɗan allo wanda dukan sauran sassa ke hawa kansa, shi ake kira uwar allo. A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fito da awon ATX, mai tsawon milimita 305 da faɗin milimita 244. A 1997 aka sami microATX mai milimita 244 ta kowane gefe. Daga nan sai a 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da Mini-ITX mai milimita 170 ta kowane gefe, watau bai ma cika taƙi guda na hannun babban mutum ba. Da fari an yi shi ne domin ƙananan na'urori marasa ƙarfi, amma daga baya manyan kamfanoni suka karɓe shi, har ya zama yana ɗaukar irin furosesan da babban allo ke ɗauka. A kan wannan ƙaramin allo ne ake gina mafi yawan ƙananan kwamfutocin da mutane ke haɗa wa kansu.

Girman akwati da lita ake auna shi, kamar jarka. Akwatin da aka saba gani a tsaye a ƙarƙashin tebur yakan ci lita 40 zuwa 50. Masu wannan sana'a sukan kira akwati ƙarami in bai kai lita 20 ba. Alal misali, NR200 na kamfanin Cooler Master, wanda ya fito a 2020, kimanin lita 18 ne. NCASE M1 na 2013 lita 12.6 ne, Terra na kamfanin Fractal Design kuwa, wanda ya fito a 2023, lita 10.4 ne, watau bai kai rabin jarkar man gyaɗa mai lita 25 ba.

Sassan da Ake Bukata

Bayan akwati da uwar allo, sassa biyar ne ba makawa. Na farko furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu masanyayi, watau dunƙulen ƙarfe mai fanka da ake ɗora wa furosesa domin ya janye mata zafi. Na uku ram, ma'adanar wucin gadi inda na'ura ke baje aikin da take kai, wadda ke shafewa da zarar wuta ta ɗauke. Na huɗu rumbun ajiya, inda takardu ke zama dindindin. Irin na yanzu da ake kira M.2 faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 80, kwance yake a jikin uwar allo, ba ya bukatar waya ko ɗaya. Na biyar tukunyar wuta, wadda ke karɓar wutar bango ta sauya ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ke amfani da su.

Akwai sashe na shida, katin hoto, wanda ba kowa ke bukatarsa ba. Mai zanen gine-gine da mai tace fim da mai wasannin kwamfuta suna bukatarsa. Mai buga wasiƙu da mai lissafin kasafin kuɗi da mai rubuta kundin digiri kuwa, abin da aka gina a cikin furosesa ya ishe su. Sai dai a kula, furosesar Intel da sunanta ya ƙare da harafin F ba ta da wannan, in babu kati ba za a ga kome a monita ba. Shawarar sayen kati ko barinsa ita ce shawara mafi girma a dukan aikin, domin shi ne ya fi kowane sashe cin wuri da cin wuta, sau da yawa kuma da cin kuɗi.

Lissafi Na Farko: Awo

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga. Haka nan mai haɗa ƙaramar kwamfuta zai fara da takarda da alƙalami, ya rubuta awon da kamfanin akwati ya bayar, sa'an nan ya gwada kowane sashe da shi.

Awo na farko shi ne tsayin masanyayi. Babban masanyayin nan NH-D15 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya tsayinsa milimita 165 ne. Akwatin NR200 ba ya karɓar abin da ya wuce 155, Terra kuwa iyakarsa tsakanin 48 ne da 77, gwargwadon yadda aka matsar da bangon da ya raba cikinsa biyu. Saboda irin waɗannan akwatuna aka yi gajerun masanyaya kamar NH-L9i mai milimita 37. Har ila yau gajeren masanyayi yakan yi rumfa a kan ram, don haka ram mai dogon ado ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba.

Awo na biyu shi ne na katin hoto, kuma ta fuska uku ake duba shi: tsawo, faɗi da kauri. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 tsawonsa milimita 304 ne, kaurinsa kuma ya cinye kafa uku. A akwati irin Terra, duk milimitar da aka ƙara wa kati daga rabon masanyayi aka yanko ta. Mutum ba zai sami duka biyun ba, sai ya zaɓa.

Awo na uku shi ne na tukunyar wuta. Ta babban akwati faɗinta milimita 150 ne, tsayinta 86, zurfinta 140 ko fiye. Ƙananan akwatuna da yawa ba sa karɓar kowace sai irin da ake kira SFX, mai faɗin 125, tsayin 63.5, zurfin 100.

Bayan awon jiki akwai dacewar sassa da juna. Kowace furosesa da mazauninta. Mazaunin AM5 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2022, ba ya karɓar furosesar AM4, kuma ram irin DDR5 kaɗai yake aiki da ita. Mazaunin LGA1700 na Intel, na 2021, wasu allunansa na DDR4 ne, wasu na DDR5. Waɗannan ram biyu kamanninsu ɗaya a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, wanda ya danna da ƙarfi sai ya yi ɓarna. Daɗin daɗawa, allon Mini-ITX kafa biyu kawai yakan samu ta ram, da kafa ɗaya ta kati, saboda haka gara a sayi ram mai isa tun farko. Tun ran gini, tun ran zane.

Lissafi Na Biyu: Zafi

Nan ne zuciyar maganar take. Kusan dukan wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Na'urar da ke shan wat 200 daidai take da ɗan ƙaramin risho na lantarki mai wat 200 da aka kunna a cikin akwati, kuma iska kaɗai ke fitar da wannan zafi waje.

A yi lissafi kaɗan. Lita ɗaya ta iska tana bukatar kimanin jul 1.2 na zafi kafin ta ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Akwati mai lita 10 ke nan jul 12 ya ishi iskar cikinsa ta hau digiri ɗaya. Wat 200 kuwa ma'anarsa jul 200 a kowace daƙiƙa. Da za a toshe akwatin a bar wa iskar cikinsa dukan zafin, da sai ta riƙa hawa kimanin digiri 16 a daƙiƙa guda. Idan ana so iskar da ke fita kada ta fi wadda ke shiga da digiri 10, sai an ratsa kimanin lita 17 na iska a kowace daƙiƙa, watau lita 1,000 a minti ɗaya. Ashe ke nan iskar wannan akwati sai an sauya ta sau ɗari a minti.

Abin lura shi ne, babban akwati mai lita 45 shi ma lita 1,000 ɗin nan yake bukata. Fifikonsa kawai shi ne yana da wurin manyan fankoki masu juyawa a hankali, da fili wanda iska za ta bi ba cikas. Ƙaramin akwati kuwa dole ya tura iskar nan ta ƙananan kafofi, tsakanin wayoyin da suka cunkushe, da fanka mai saurin juyawa, shi ya sa wanda ba a tsara shi da kyau ba yakan cika ofis da ƙugi.

Furosesar zamani tana kāre kanta. Idan zafinta ya kai digiri 95 zuwa 100, gwargwadon irinta, sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Asarar a nan ta kuɗi ce: mutum ya biya kuɗin ingarma, amma tafiyar jaki yake samu.

Wannan batu ya fi tsanani ga mazauna ƙasashe masu zafi. Gwaje-gwajen da ake bugawa a kan akwatuna da masanyaya yawanci a ɗakuna masu digiri 20 zuwa 25 ake yin su. Ka'ida kuwa ita ce, duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma takan ƙaru da kimanin digiri ɗaya. Na'urar da ta tsaya a digiri 80 a ɗaki mai 22, za ta kusa 96 a ɗaki mai 38. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da ba na'urar sanyaya iska yana kai wa haka ba wuya. Don haka tsarin da ya zauna lafiya a Jamus yana iya gazawa a nan da bazara.

Magani na farko shi ne rage zafin daga tushensa. Furosesa mai wat 65, irin Ryzen 5 5600G ta 2021 ko Core i5-12400 ta 2022, ta wadatar da aikin ofis da na karatu, ko da yake ta biyun takan zarce wat 100 in aiki ya yi nauyi. Katin RTX 4060 na 2023 wat 115 yake sha, shi kuwa 4090 wat 450. Bugu da ƙari, a cikin BIOS, watau shirin farko da ke tayar da na'ura, ana iya sa wa furosesa iyakar wutar da za ta sha, kuma gudun da ake rasawa ta haka yawanci kaɗan ne in an kwatanta da zafin da aka rage.

Magani na biyu shi ne shirya wa iska hanya: ta shiga ta gefe ko ta ƙasa, ta fita ta sama ko ta baya, a kuma bar tazara tsakanin akwati da bango. Kada a sa shi cikin durowa, kada a ɗora masa fayil. Sai kuma ƙura. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hazo takan like a tsakanin siraran ƙarafan masanyayi ta zama kamar bargo. Raga mai tace ƙura tana taimakawa, amma ita ma tana rage iska, sai an riƙa wanke ta. Ya kamata a ɗora akwati a kan tebur, a riƙa buɗe shi ana hure ƙurar a kai a kai, ana riƙe da fukafukan fanka don kada iska ta juya su fiye da kima.

Lissafi Na Uku: Wuta

Tukunyar wuta ita ma zafi take fitarwa, domin ba dukan abin da ta ja daga bango take miƙa wa sassa ba. Tun 2004 akwai shaidar da ake kira 80 Plus, wadda ke nuna cewa tukunya tana miƙa aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Idan sassa na bukatar wat 200, mai kashi 80 za ta ja 250 ta zubar da 50 a matsayin zafi. Mai kashi 90 kuwa 222 za ta ja, ta zubar da 22 kawai. A akwati mai lita 10 wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Tukunyar da ba a san wanda ya ƙera ta ba, in ta lalace takan tafi da uwar allo da rumbun ajiya gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Haka kuma kada a buɗe tukunyar wuta ko bayan an zare ta, domin akwai sassa a ciki da ke riƙe wuta mai iya kisa, kada kuma a yi amfani da wayoyin wata tukunya a jikin wata, ko da bakinsu ya shiga.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce a ka'ida, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka da ɗaukewa. Na'urar UPS, wadda ke riƙe wuta na ɗan lokaci har a adana aiki a kashe kwamfuta, tana cikin kasafin sayayya tun farko. A nan ne kuma ƙaramar na'ura mai ƙarancin ci ke nuna amfaninta. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, in kuma za a ja rabi kawai don ya yi ƙarko, saura 1,200. Kwamfuta da monita masu shan wat 75 za su yi kusan awa 16 a lissafi, kafin a cire abin da inbata ke ci. Masu shan wat 400 kuwa awa 3 ne. Ga ofishin da ke dogara da sola ko janareta, wannan shi ne bambancin aikin yini da na hantsi.

Aikin Haɗawa

Idan lissafi ya kammala, haɗawar kanta ba ta da wuya, haƙuri take so. Abin da za a fara kiyayewa shi ne tartsatsin nan da ke taruwa a jikin mutum, wanda akan ji da hunturu in an taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin sa sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali ƙasa da haka ƙwarai yana iya lalata sashe. A guji aiki a kan darduma ko kafet, a riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, a kama kowane allo ta gefensa.

A fara a wajen akwati, a ɗora uwar allo a kan kwalinta. A buɗe mazauni a ajiye furosesa a hankali, alamar kusurwarta tana fuskantar alamar mazaunin, ba dannawa, domin a cikinsa akwai siraran allurai kimanin 1,700 da ke lanƙwashewa da ɗan taɓi. Sai ram, sai rumbun ajiya. A ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa, a ɓare ledar da ke ƙasan masanyayi, a ɗaure shi kusurwa da kusurwa, kaɗan kaɗan. Daga nan a haɗa tukunyar wuta da monita a kunna. In BIOS ya bayyana, ya ga ram da rumbu, to, sassa lafiya suke. Amfanin wannan gwaji shi ne, a ƙaramin akwati ciro sashe ɗaya yakan tilasta kwance uku.

A cikin akwati, bin tsari shi ne kome. Wayar wutar furosesa mai baki 8, da ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa, a sa su tun hannu yana iya kaiwa. Babbar waya mai baki 24 ta biyo baya, katin hoto ya zo a ƙarshe. A ɗaure wayoyi a jikin bango don kada su tare iska ko su taɓa fanka. Murfin da ya ƙi rufuwa yana nuna akwai abin da ba ya wurinsa, ba a tilasta shi. Bayan an sa manhaja, a ba na'urar aiki mai nauyi na kamar awa guda da tsakar rana, murfi a rufe, ana duban zafinta. Gwajin da aka yi da asuba ba shaida ba ne.

Wa Ya Kamata Ya Yi?

Gaskiya ita ce, ƙanƙanta tana da tsada. Allon Mini-ITX da tukunyar SFX sukan fi manyan takwarorinsu kuɗi, kuma sun fi wuyar samu, ko a babbar kasuwa irin Computer Village ta Ikeja. Wanda wuri bai dame shi ba, microATX ya fi masa sauƙi. Wanda buga takardu kawai zai yi, ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin OptiPlex na Dell ko ThinkCentre na Lenovo, sun fi araha, sai dai allunansu da tukwanensu sau da yawa ba sa bin awon gama-gari, in sun lalace sai irinsu. A kuma tuna cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na 8, ko da yake manhajar Linux ta kyauta tana aiki a kansu.

Ribar wanda ya haɗa da kansa ita ce ya san abin da ke cikin na'urarsa. In ta tsaya, ya san inda zai duba. In bukata ta ƙaru, ya canja sashe ɗaya ya bar sauran. Jami'in da ya san wannan, ba za a kawo wa ma'aikatarsa tsohon kaya a sabon akwati ya sa hannu ba.

Kammalawa

Tambayoyi uku ne mai wannan niyya zai amsa a rubuce kafin ya shiga kasuwa. Shin kowane sashe zai shiga, kuma ya dace da ɗan'uwansa? Wat nawa na'urar za ta sha, kuma ta ina zafin zai fita a watan Afrilu? Wace wuta za ta ciyar da ita in ta gari ta ɗauke? Wanda ya amsa su, sa'an nan ya zaɓi sassa gwargwadon aikinsa, daidai ruwa daidai tsaki, zai sami na'urar da za ta yi masa shekaru a kusurwar tebur ba ƙugi ba gajiya. Wanda ya fara da sayayya ya bar lissafi a baya kuwa, zai saya sau biyu.